Alƙali da Akwatin Ƙuri'a: Tarihin Zaɓen Alƙalai a Amurka

A yawancin ƙasashen duniya naɗa alƙali ake yi. A ƙasar Hausa ta dā sarki ne yake naɗa alƙalinsa. A Nijar da Kamaru da Cadi, waɗanda suka gāji tsarin Faransa, mutum yakan ci jarrabawa, ya sami horo a makarantar alƙalai, sa'an nan gwamnati ta tura shi inda zai yi aiki. Saboda haka mai karatu zai yi mamaki in ya ji cewa a Amurka akwai alƙalai da suke manna hotunansu a bakin hanya, suna bin gida gida suna neman ƙuri'a kamar ɗan majalisa. Jihohi 39 daga cikin 50 na ƙasar suna sa alƙalansu, duka ko waɗansunsu, su tsaya gaban masu jefa ƙuri'a. Wannan bai shafi alƙalan gwamnatin tarayya ba, gama su shugaban ƙasa ne yake ba da sunansu, majalisar dattawa ta tabbatar, su kuwa zauna a kan kujera muddin ransu. Amma fiye da kashi 90 cikin 100 na shari'o'in ƙasar a kotunan jihohi da na gundumomi ake yinsu. Can ne ake raba aure, ake raba gādo, ake korar ɗan haya, ake ɗaure ɓarawo. Tarihin wannan al'ada ya nuna cewa kowane tsari da aka kawo an kawo shi ne don a 'yantar da alƙali daga hannun wani mai iko, bayan 'yan shekaru kuma sai a tarar igiyar ta koma hannun wani dabam.

Zamanin Sarkin Ingila

Tunanin cewa jama'a su zaɓi masu yi musu shari'a tsoho ne a ƙasar. A shekara ta 1638 wani mai wa'azi, Thomas Hooker, ya yi wa'azi a garin Hartford a kan Maimaitawar Shari'a sura 1 aya 13, inda Musa ya bar wa kabilan Isra'ila su fid da masu hikima daga cikinsu. Hooker ya koyar cewa zaɓen mahukunta hakkin jama'a ne. A shekara ta 1639 mazaunan yankin Konetikat suka rubuta dokar zamansu, wadda ta ce kowace shekara za a zaɓi gwamna da mahukunta 6, su ne kuma masu yin shari'a.

Amma a yawancin yankunan da Ingila take mulki, alƙali ɗan aiken sarki ne. A Ingila kanta, dokar 1701 ta hana sarki tuɓe alƙali muddin bai yi laifi ba. Ba a ba mazaunan Amurka wannan kariya ba. A 1761 aka umarci gwamnoni kada su naɗa alƙali sai da sharaɗin sarki yana iya cire shi duk ran da ya ga dama. Abin ya yi wa mutane zafi ƙwarai, har da suka rubuta takardar shelar 'yancin kansu a 1776 suka lissafta shi cikin laifofin Sarki Joj na Uku, wato ya riƙe kujerar alƙalai da albashinsu a hannunsa.

Da aka sami 'yanci, ba wanda ya yi maganar akwatin ƙuri'a. Jihohi 13 na farko duka naɗi suka zaɓa. A waɗansu majalisar dokoki ce take naɗawa, a waɗansu kuwa gwamna da 'yan majalisarsa. An raba alƙali da sarki, aka miƙa shi ga 'yan siyasar jiharsa.

Yadda Zaɓe Ya Shigo

Kaɗan kaɗan abin ya fara. Jihar Jojiya ta soma zaɓen alƙalan ƙananan kotuna a 1812, Indiyana ta bi da waɗansu kujeru a 1816. Misisifi ce ta fara sa a zaɓi dukan alƙalanta, a 1832. Sauran jihohi suka yi ta kallonta kamar mai wasa da wuta.

Abin da ya sāke ra'ayin mutane shi ne bashi. A shekarun 1830 majalisun jihohi sun ci bashi mai yawa don haƙa hanyoyin ruwa, da shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, da kafa bankuna, sau da yawa kuma abokan 'yan majalisa ne suke cin ribar. A 1837 tattalin arziki ya karye. Cikin 'yan shekaru jihohi 8, har da Fensilbaniya da Misisifi, suka kāsa biyan masu binsu. Manoma suka ga an ƙara musu haraji saboda bashin da ba su ci ba. Sai suka rubuta sababbin dokoki masu taƙaita ikon majalisa. Amma wa zai tilasta wa majalisa ta bi dokar, in alƙalin da zai yi hukunci majalisar ce ta ba shi kujera? Wani masanin tarihin shari'a, Jed Shugerman, ya nuna cikin littafinsa na 2012 cewa masu neman zaɓe a lokacin so suke alƙali ya ƙara ƙarfi, ya sami tushe na kansa a cikin jama'a, don ya iya ce wa gwamna da majalisa a'a.

Jihar Niyok ta karɓi zaɓen alƙalai a tsarin mulkinta na 1846, sai sauran suka bi ta a guje. Sa'ad da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, jihohi 24 daga cikin 34 suna zaɓen alƙalai. Kowace sabuwar jiha da ta shiga tarayya daga 1846 zuwa 1912 da wannan al'ada ta shiga. Ya kamata a tuna cewa "jama'a" a wancan zamani maza ne farar fata. Mata da bayi ba su da ƙuri'a, ko da yake shari'ar tana hawa kansu.

Iyayen Gidan Jam'iyya

Ba a daɗe ba aka gane an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Mai son kujerar alƙali sai ya sami tikitin jam'iyya, tikitin kuwa yana aljihun uban gidan jam'iyya. A birnin Niyok ƙungiyar siyasa ta Tammany, ƙarƙashin William Tweed, ta cika kotuna da mutanenta, suna rufa mata asiri tana kwasar dukiyar birni. Lauyoyin birnin suka kafa ƙungiyarsu a 1870 don su yi yaƙi da wannan. A 1872 aka tuɓe alƙali George Barnard, wani kuma, Albert Cardozo, ya sauka da kansa kafin a tuɓe shi.

Maganin farko da aka gwada shi ne a cire sunan jam'iyya daga takardar ƙuri'a, a bar sunan ɗan takara kaɗai. Zuwa 1927 jihohi 12 suna bin wannan hanya. Sai wata matsala ta fito. Dā mai jefa ƙuri'a ya san jam'iyyar mutumin ko bai san kome game da shi ba. Yanzu kuwa ba abin da ya sani sai suna.

A 1914 wani malamin shari'a na Shikago, Albert Kales, ya kawo wata shawara, wadda jihar Mizuri ta gyara ta karɓa a 1940, shekara guda bayan an ɗaure Tom Pendergast, uban gidan siyasar birnin Kansas, saboda ƙin biyan haraji. Ga yadda tsarin yake. In kujera ta faɗi, kwamiti na lauyoyi da waɗanda ba lauyoyi ba, tare da alƙali guda, yakan tace masu nema, ya miƙa wa gwamna sunaye 3. Gwamna ya ɗauki ɗaya cikin kwana 60. Bayan sabon alƙalin ya yi shekara guda yana aiki, sai a sa sunansa a babban zaɓe na gaba, ba abokin takara, a tambayi jama'a ko a bar shi ko a cire shi. Jihohi da yawa sun kwaikwayi wannan, musamman don manyan kotunansu. Masu sūkarsa suna cewa an ƙwace alƙali daga hannun jam'iyya an ba ƙungiyar lauyoyi, siyasar kuma tana nan, ɗaki kawai ta shiga ta rufe ƙofa. A Mizuri kanta, yawancin gundumomin karkara har wa yau zaɓen jam'iyya suke yi wa alƙalansu.

Su Wane Ne Suke Tsayawa

Saboda wannan tarihi, babu tsari guda a ƙasar. A Teksas da Alabama ɗan takara yakan ci zaɓen fid da gwani a jam'iyyarsa, sa'an nan ya kara da na ɗaya jam'iyyar. A Wiskonsin da Jojiya ba a rubuta jam'iyya. A Bajiniya majalisar dokoki ce take zaɓe har yanzu. Sau da yawa a jiha guda ana bin hanya biyu ko uku, gwargwadon girman kotun.

A can ƙasa akwai alƙalan sulhu da alƙalan ƙauye, masu sauraron laifin tuƙi, da ƙananan basussuka, da rigimar mai gida da ɗan haya, su ne kuma sukan fara yanke ko a ba da belin wanda aka kama. A jihohi da dama ba a bukatar waɗannan su zama lauyoyi. A Teksas ana zaɓen alƙalin sulhu na shekara 4 ba tare da takardar shaidar lauya ba. A Fensilbaniya wa'adinsa shekara 6 ne, wanda ba lauya ba kuwa sai ya yi ɗan gajeren kwas ya ci jarrabawa. A 2006 jaridar New York Times ta bincika kotunan garuruwa da ƙauyukan jihar Niyok, kimanin 1,250, ta tarar kusan kashi uku cikin huɗu na alƙalansu ba lauyoyi ba ne. Akwai tsofaffin 'yan sanda a cikinsu, da manoma, da direbobi, da masu ƙananan sana'o'i, yawancinsu kuma aikin wucin gadi suke yi da ɗan albashi. Kotun Ƙoli ta Amurka ta duba irin wannan a 1976, cikin ƙarar wani mutumin Kentaki da wani alƙali mai haƙar kwal, wanda bai taɓa karatun shari'a ba, ya ɗaure shi kwana 30 saboda tuƙi cikin maye. Kotun ta ce tsarin bai saɓa wa doka ba, muddin mutum yana da damar a sāke masa shari'a daga farko a gaban alƙali lauya. Masu goyon baya suna cewa irin wannan alƙali ya san mutanen garinsa da halinsu. Amma sanayyar nan ita ce kuma haɗarin, gama wanda yake gabansa yau mai yiwuwa maƙwabcinsa ne ko abokin gābarsa.

A kotunan gunduma masu shari'ar kisa da manyan dukiyoyi, dole ɗan takara ya zama lauya da ya yi shekaru yana aiki. A babbar kotun shari'a ta jihar Niyok shekara 10 ake bukata, wa'adin kuwa shekara 14. Masu tsayawa da yawa tsofaffin lauyoyin gwamnati ne masu gabatar da ƙara, domin sunansu ya riga ya fito a jarida, suna kuma iya cewa sun ɗaure masu laifi. Lauyan da ya yi rayuwarsa yana kāre waɗanda ake tuhuma yakan sha wuya, gama abokin takararsa zai tono sunan mafi mugunta cikin waɗanda ya taɓa kārewa.

Abin da baƙo ba ya gani shi ne, zaɓen gaske sau da yawa an gama shi tun kafin ranar ƙuri'a. Alƙali mai shirin hutawa yakan sauka kafin wa'adinsa ya cika, gwamna ya naɗa wani ya riƙe kujerar, sai wannan ya shiga zaɓe yana alƙali mai ci. Lauyoyin gari kuwa ba sa son karawa da alƙali mai ci, domin in sun fāɗi gobe a gabansa za su tsaya da ƙarar mutanensu. Don haka kujeru masu yawa ba a yin takararsu sam. A Kalifoniya in alƙalin gunduma bai sami abokin takara ba, ko sunansa ba a sawa a takardar ƙuri'a. A Niyok kuma taron wakilan jam'iyya ne yake fid da 'yan takarar babbar kotu. Wata alƙaliya ta Buruklin, Margarita López Torres, ta kai ƙara tana cewa shugabannin jam'iyya sun toshe mata hanya don ta ƙi ɗaukar mutanensu aiki. A 2008 Kotun Ƙoli ta ce tsarin bai saɓa wa tsarin mulki ba, ko da yake waɗansu alƙalan kotun sun nuna ba su ga hikimarsa ba.

Inda aka yi takara kuwa, mai jefa ƙuri'a a babban birni yakan tarar da sunaye da dama a gindin takardar, bai san ko ɗaya ba. Mutane da yawa sukan tsallake wurin. Waɗansu su zaɓi sunan da ya yi musu daɗin ji. A 1976 mutanen Teksas suka zaɓi wani lauya, Don Yarbrough, zuwa kotun ƙolin jiharsu, da yawa suna tsammani wani sanannen ɗan siyasa ne mai suna kusan iri ɗaya. A 1977 ya sauka ana shirin tuɓe shi, daga baya aka same shi da laifin rantsuwar ƙarya.

Duk da haka akwatin ƙuri'a ya buɗe ƙofofin da manya suka rufe. A 1920, shekarar da aka ba matan Amurka duka ƙuri'a, Florence Allen ta ci kujerar alƙalin gunduma a Cleveland, a 1922 kuma ta ci ta kotun ƙolin Ohayo, mace ta fari da ta hau irin wannan kujera. A 1959 Juanita Kidd Stout ta ci zaɓe a Filadelfiya, ta zama baƙar fata mace ta fari da aka zaɓa alƙaliya a ƙasar. A 2018 mata baƙar fata 17 suka ci kujerar alƙali a zaɓe guda a gundumar Harris ta Teksas. Amma guguwar jam'iyyar Demokrat da ta kawo su ita ce ta share alƙalan Rifablikan na gundumar da suka tsaya a shekarar, nagari da marasa kirki gaba ɗaya.

Kuɗi da Tsoron Ƙuri'a

Takara sai da kuɗi. A ƙananan kotuna masu ba da gudummawa yawanci lauyoyin da suke aiki a kotun ne. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A 2002 wata kotu a Bajiniya ta Yamma ta umarci kamfanin kwal na Massey ya biya diyyar dala miliyan 50. Kafin ɗaukaka ƙarar ta kai kotun ƙolin jihar, shugaban kamfanin, Don Blankenship, ya kashe kimanin dala miliyan 3 a zaɓen 2004 don Brent Benjamin ya sami kujera a kotun. Benjamin ya ci, ya ƙi janye kansa daga shari'ar, aka soke diyyar da ƙuri'a 3 da 2, tasa tana cikin ukun. A 2009 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ce wajibi ne ya janye. Amma kuɗin bai ragu ba. A 2025 an kashe fiye da dala miliyan 100 a kan kujera guda ta kotun ƙolin Wiskonsin, jihar da ba a rubuta jam'iyya a takardar zaɓen alƙali.

Tsoron jama'a ma yana da nasa nauyi. A 1986 mutanen Kalifoniya suka cire babbar alƙaliyarsu, Rose Bird, da abokan aikinta biyu, musamman don ta ƙi amincewa da kowane hukuncin kisa da ya zo gabanta. Sauran alƙalai suka ɗauki darasi. Masana biyu, Gregory Huber da Sanford Gordon, sun bincika shari'o'i fiye da 22,000 na Fensilbaniya, suka buga sakamakon a 2004. Sun tarar hukuncin ɗauri yana ƙara tsawo sa'ad da zaɓen alƙali ya gabato. A Alabama, kafin a soke dokar a 2017, alƙali yana da ikon ya ture shawarar mutane 12 masu taya shi shari'a, ya yanke hukuncin kisa inda suka ce a yi ɗaurin rai da rai. An yi wa kimanin mutum 100 haka. A 2013 mai shari'a Sonia Sotomayor ta Kotun Ƙoli ta rubuta cewa alamu sun nuna matsin zaɓe ne yake tura alƙalan jihar. Wato tsawon zaman mutum a kurkuku, har ma da ransa, yana iya rataya a kan watan da aka kawo shi kotu.

Da wannan duka, mutanen Amurka ba su yarda su saki hakkin ba. Masu jefa ƙuri'a a Ohayo sun ƙi tsarin kwamiti a 1987, na Nebada ma suka ƙi shi a 2010. Hujjarsu ita ce, alƙalin da ba mai iya cire shi yakan zama sarki, kwamitin manya kuma 'ya'yan manya yake gani. Waɗansu ƙasashe ma sun shiga sahu. Bolibiya ta fara zaɓen manyan alƙalanta a 2011. Meziko ta yi zaɓen alƙalan tarayya na fari ran 1 ga Yuni 2025, amma kimanin kashi 13 cikin 100 na masu rajista ne suka fito.

Daga 1761 zuwa yau alƙalin jiha a Amurka ya bi ta hannun sarki, da majalisa, da uban gidan jam'iyya, da kwamitin lauyoyi, da masu kuɗi. Shekarun nan sun koya wa masu gyara su rage gardama a kan yadda alƙali yake hawa kujera, su fi duban yadda yake riƙe ta. Alƙalin da zai koma neman ƙuri'a ko neman yardar gwamna bayan shekara 4 yana shari'a da ido ɗaya a kan gobe. Shi ya sa waɗansu suke ba da shawarar wa'adi guda mai tsawo wanda ba a sabuntawa, da tilasta wa alƙali ya janye daga ƙarar wanda ya ba shi kuɗi, da bayyana sunan kowane mai ba da gudummawa. Duk ƙasar da take tunanin sāke yadda take samun alƙalanta, ko ta naɗi ce ko ta zaɓe, ya kamata ta fara da tambayar wa yake da ikon raba alƙali da kujerarsa, domin wannan mutumin ne alƙali zai tuna da shi ran da gwauruwa da attajiri suka tsaya a gabansa.